Hannun da ke Riƙe da Kayan Kaka da Kakanni

Gidan Makama yana tsakiyar birnin Kano, daura da Gidan Rumfa. Gidan ƙasa ne na cikin unguwa, mai zaure da soraye da tsakar gida, wanda baƙo zai iya wuce shi bai ankara ba. Masana tarihin Kano sun ce a ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gado a 1463 ya gina fadar da sarakunan Kano ke ciki har yau. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a cikinsa na wani lokaci. Daga baya aka kasa gidan uku: sashe ya zama makaranta, sashe ya zauna a hannun Makama, sashe kuma ya zama gidan tarihi mai ɗakunan nuni 11 a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

'Yan makaranta sukan ratsa ɗakunan nan cikin sa'a guda. Su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, su ga sulke da lifidi da kwalkwali, su ga kayan kiɗa da hotunan sarakuna, su yi cincirindo a ƙofar ɗakin amarya, sannan a kaɗa su zuwa mota. Da wuya a samu wanda zai tambayi yadda aka yi rigar da ta girmi kakan kakansa ta kawo yau asu bai cinye ta ba, ko yadda aka san takobin nan na wane ne. Amsar tana hannun ma'aikatan da ke zuwa tun kafin a buɗe ƙofa, kuma aikinsu sana'a ce mai ƙa'idoji kamar ƙira ko jima. Ina ganin girman sana'ar nan ƙwarai, kuma ina ganin garuruwa irin su Birnin Gwari sun fi ko'ina bukatar su san yadda ake yin ta.

Farkon gwanintar tambaya ce. A ce wani tsohon maharbi daga gefen dajin Kamuku ya shigo da burtu a cikin buhu, ya ce 'ya'yansa duk sun koma acaɓa, babu mai ɗauka, gara ya kawo a ajiye. Burtu dai sananne ne a wurin maharba: lanƙwasasshen ice da aka lulluɓe da fata, a saka masa bakin tsuntsun burtu na gaske, wani lokaci a yi masa ado da idon zakara. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun na kiwo, har ya kusanci naman da zai harba, domin naman daji ba ya gudun burtu. Sabon shiga zai karɓa da murna, ya yi godiya, ya rataye a bango. Gwani kuwa tabarma zai fara shimfiɗawa, ya kawo ruwa, a gaisa a tambayi iyali da hanya, sannan ya jawo littafi.

"Baba, wa ya sassaƙa shi?"

"Mahaifina ne, Allah ya jiƙansa."

"Amin, Baba. A wane gari yake zaune lokacin? Wa ke sarauta? Shi ma gadonsa ya yi ko koyo ya yi a wurin wani?"

"To, ɗana, ka dai tambaya. Bari in tuna."

Daga nan hira ta buɗe. Wane ice ne, wa ya jeme fatar, wane nama aka fi harbi da shi, a wane sashen daji, da rani ko da kaka, yaushe aka daina amfani da shi kuma me ya sa. Tsagar nan da ke wuyansa fa, faɗuwa ya yi ko wani abu ya faru a dawa? Akwai wata al'ada da ake kiyayewa kafin a ɗaura shi? Gwani ba ya katse tsoho, ba ya kuma sa masa magana a baki. In Baba ya ce bai san shekara ba, sai a nemo ta da abin da ya sani: kafin a canza kuɗi ne ko bayan nan, kafin yaƙin basasar Nijeriya ko bayansa, zamanin wane hakimi. In ya faɗi abin da mai tambaya ke shakka, a rubuta yadda ya faɗa, a sa sunansa da ranar da ya faɗa. Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma ana yin ta a gaban shaida: kyauta ce ko ajiya, kuma sauran magada sun sani? Gidajen tarihi da yawa sun sha rigima saboda an ji nauyin yin wannan tambayar.

Dalilin wannan naci shi ne kayan da aka raba da labarinsa ya zama kamar baƙon da ya manta sunan garinsu, kowa sai ya laƙaba masa asalin da ya ga dama. A jihar Kaduna ma muna da babban misali. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok. A 1943 aka kai wa wani mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wani kan yumɓu daga yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa domin korar tsuntsaye. Fagg ya lura cewa hannun da ya yi wannan ɗan uwan wanda ya yi na Nok ne, ya bi sawu yana tambayar masu haƙa inda aka samo kowane gutsure da zurfin ramin. Da irin wannan bin diddigi aka gane cewa an yi wata al'umma a nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma shi ya kai ga buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Bayan haka ɓarayin kayan tarihi suka shiga yankin da diga da shebur, suka kwashe abin da suka kwashe zuwa kasuwannin Turai. Masu binciken Jami'ar Frankfurt ta Jamus da suka fara aiki a can a 2005 sun tarar da wurare masu yawa an riga an tone su. Gumakan da aka sace suna nan da kyansu a ɗakunan attajirai, amma babu mai iya cewa daga wane rami suka fito, ko me aka binne tare da su.

Bayan tambaya sai lamba. Kowane kaya yana samun tasa, wadda ba za a sake ba wani ba har abada, kuma yawanci kashi uku ce: shekarar da ya shigo, zubi na nawa ne a shekarar, na nawa ne a cikin zubin. In burtun Baba ya zo tare da kwari da baka a zubi na huɗu na 2025, sai su zama 2025.4.1 da 2025.4.2 da 2025.4.3. Ana shigar da lambar a babban littafin rajista mai ɗinkakkun shafuka, wanda ba a yagar takarda daga cikinsa, ba a kuma goge kuskure sai dai a ja masa layi a sa hannu. Ana auna tsawo da faɗi, a ɗauki hoto ta kowace fuska, a rubuta duk wani tabo da karaya. Sannan a rubuta lambar a jikin kayan, a inda ido ba ya kaiwa, bisa wani siririn shafi da za a iya cirewa ba tare da ya bar alama ba. In tufa ce, a ɗinka mata ɗan ƙyalle mai lambar a cikin wuya. Kwamfuta ta sauƙaƙa nema, amma masu hankali ba su yar da littafin ba, kuma sukan ajiye kwafinsa a wani ginin daban saboda gobara.

Abin da ya fi wahalar koyo shi ne kame hannu. Mu mutane ne masu son tsabta, in muka ga tsohon abu sai mu so mu wanke shi, mu goge, mu shafa masa mai. Mai gidan tarihi yana koyon ya bar akushi da baƙin da shekaru suka yi masa, domin a jikin baƙin nan ake gane abin da aka ci a ciki. Ba ya dirje takobi da yashi har ya yi ƙyalli, ya dai tsayar da tsatsar ya bar ta nan. Ba ya cika zanen da ya goge a jikin ƙwarya da nasa hannun. In tulu ya fashe, da mannin da za a iya narkarwa gobe ake haɗa shi, saboda wanda zai zo bayanka wataƙila ya fi ka sani. Ko ɗaukar kaya da ƙa'idarsa: ba a ɗaga tulu ta wuya ko randa ta baki, hannu biyu ake sawa a gindi, kuma sai an share inda za a ajiye kafin a ɗaga.

Sauran aikin yaƙi ne da ba ya ƙarewa, kuma abokan gaban duk mun san su: gara, asu, kyankyaso, ɓera, jemage, ƙura, danshi da rana. Kowane lokaci na shekara da nasa sharrin. Hunturu yana busar da fata har ta tsage, ya sa ice ya dare, ya cusa ƙura a kowace kafa. Damina tana kawo fumfuna a kan fata da takarda, tsatsa a kan ƙarfe, ta kuma ta da gara. Hasken rana yana cin launin tufa a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, shi ya sa za ka ga ɗakin tufafi da duhu-duhu, har wasu baƙi su ɗauka rowar fitila ake yi. Babbar riga mai aska takwas ba a rataye ta a ƙusa, nauyinta zai yaga kafaɗar. Ba a kuma ninke ta a bar ta shekaru a kan layi ɗaya, domin a kan ninkin zare ke karyewa. Shimfiɗa ta ake yi, a cusa mata takarda mai taushi a lanƙwasa, a riƙa sauya mata kwanciya.

Gwani da safe tocila yake ɗauka ya bi ɗakuna yana duban ƙasa kafin ya dubi kayan. Ɗan garin ice da ya zubo ƙarƙashin turmi ko tambari yana nufin ƙwaro na ci daga ciki. Siririn layin jar ƙasa da ya hau bango yana nufin gara ta iso, kuma kwana kaɗan ya ishe ta. Saboda haka ba a jingina kaya da bango, ba a ajiye shi a daɓe, sai a kan maɗauki mai ƙafafun ƙarfe da tazarar da mutum zai iya leƙawa. Sabon kaya kuma ba ya shiga cikin tsofaffi sai ya yi zaman keɓe na wasu makonni. In an ga alamar ƙwaro, maimakon a yi masa feshin da zai ɓata shi ya kuma cuci mai taɓawa, sai a ɗaure shi a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda ko fiye. Inda wuta ba ta tsayawa, akwai dabarar da ta dace da mu: a naɗe kayan da auduga, a rufe a baƙar leda, a shanya a rana, zafin da ya haura digiri 55 na wasu sa'o'i yana kashe ƙwari har da ƙwayayensu. Sai dai ba kowane kaya ke jure wannan ba, abin da ke da danƙo ko kakin zuma ko fatar da aka ɗaure tamau kamar ta ganga ba a yi masa haka. Sanin wanne ne zai jure, nan gwanintar take.

Littattafan malamai na rubutun hannu suna da nasu hukuncin. Warƙoƙi ne a sake a cikin tadarishi, ba a ɗinke suke ba, kuma galibi babu lambar shafi. In iska ta watsa su, mai sani yana mayar da su ta hanyar kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce za ta buɗe warƙa ta gaba. Ba a liƙa musu salatif, ba a lulluɓe su da roba mai zafi, duk da cewa mutane da yawa suna yin haka da kyakkyawar niyya. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, suna riƙe da irin waɗannan takardu masu yawa.

A Gidan Makama kayan tarihi mafi girma shi ne gidan kansa, kuma a nan mai kula da kaya dole ya rusuna wa magini. Da tubali aka yi bangon, curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai da ake busarwa a rana. Rufin na azara ne, tsagin kututturen giginya wanda gara ba ta cika iya masa ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta yi yawa, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo, su riƙa ɗaura azara kan azara suna turo ta daga bango biyu har su haɗu a sama, a samu ɗaki mai faɗi babu ginshiƙi a tsakiya. A waje kuma ana kare bango da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Dubi yadda sana'a uku suka taru a bango ɗaya: abin da marini ya kwashe daga karofi da abin da majemi ya kankare daga fata su ne rigar ruwan magini. Irin wannan gini yana son a duba shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka, a share indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Masu gaggawa sukan ce a shafe shi da siminti a huta. Siminti kuwa yana kulle danshi a cikin bangon ƙasa, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓalle da rabin bango a bayansa.

Maganar magina ba ta cika sai an ambaci Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin shekarun 1830, kuma har yau akwai unguwa mai sunansa a birnin. Akwai labarin da ake bayarwa, har ya shiga littattafan masana gine-gine, cewa bayan Zariya an kira shi Birnin Gwari ya gina masallaci, da ya gama aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da dama, kuma ba labari ne da mutumin Birnin Gwari zai ji daɗinsa ba. To, a nan ake gane mai gidan tarihi na ƙwarai. Ba zai binne labarin don kunya ba, ba zai kuma rubuta shi a allo kamar ya gani da idonsa ba. Zai rubuta yadda ake faɗa a Zariya da wanda ya faɗa, ya je wurin dattawan Birnin Gwari ya rubuta nasu, ya nemi inda aka ce masallacin ya tsaya a tsohon gari ya auna abin da ya rage, ya ajiye duka gefe da gefe.

Wannan adalcin harshe ana bukatarsa kullum. A Gidan Makama ana ba da labarin basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, kuma a cikin yaran da ke saurare akwai jikokin ɓangarorin biyu. Mai zagayawa da baƙi yana koyon ya faɗi abin da ya faru ba tare da ya tura yaro gida da ƙullin wani a zuci ba. Yana kuma koyon karanta fuska: abin da zai gaya wa ɗan aji uku daban, na ɗalibin jami'a daban, in kuma tsohuwa ce ta tsaya a ɗakin amarya tana gyara masa sunan wata taskira, sai ya yi shiru ya ce, "Iya, ƙara faɗa mini," ya jawo biro.

Birnin Gwari tana da abin ajiyewa fiye da yadda ake zato. Masarauta ce mai tsohon gari da sabo, mahaɗar Hausawa da Gwari da Kamuku da Fulani. Dajinta an keɓe shi tun 1936 a matsayin gandun En'e, ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121, kuma maharba da masu zuma da masu magani sun san sunan kowane tsauni da rafi a cikinsa. Akwai tukwanen matan Gwari, dangin sana'ar da ta kai Ladi Kwali kan takardar naira 20. Akwai kayan masu wankin zinariya, da na maƙera, da takardun malamai. Shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yankunan Kuyello da Randagi da Kakangi da Dogon Dawa, kuma wanda ya gudu da dare yara yake ɗauka, ba ya tsayawa neman gafakar kakansa. Abin da aka bari, gara da ruwan sama sun gaje shi. Dattawan da suka san labarin kuwa suna warwatse a gidajen 'yan uwa a cikin gari da Kaduna da Funtuwa, kullum ana raguwa. Da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 bayan shekaru tana rufe, mutane sun fara komawa wasu daga cikin garuruwansu, kuma yanzu ne za a ga abin da ya tsira.

Ba sai an jira katafaren gini ba. Gidan tarihi na Kanta a Argungu tsohuwar fada ce da aka gina a 1831, sarakuna suka zauna a ciki har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Zaure guda mai rufin da ba ya yoyo, da littafin rajista, da waya mai ɗaukar murya da hoto, da mutum biyu da aka tura Kano ko Jos suka koyo aikin, sun isa a fara. Kuma da yawa daga cikin masu kaya ba za su yarda su rabu da su ba, da gaskiyarsu: tambarin gidan sarauta ko Alƙur'anin da kaka ya rubuta da hannunsa ba abin miƙawa ba ne. Mai sanin aiki ba ya matsa musu. Yakan je har gida ya auna, ya ɗauki hoto, ya naɗi labarin, ya ba kayan lamba a wani littafi na daban, ya nuna wa masu gidan yadda za su ɗaga shi daga ƙasa su nisanta shi da bango, sannan ya rubuta a kalandarsa cewa zai dawo dubawa a farkon damina.